Ɗinkin Ragar Roba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yanka, Ɗinki, Wanki da Ajiya

Ragar roba ita ce fallen robar nan mai idanu a jere reras, wadda ake bi da allura da zaren ulu a yi gidan tishu, jaka, akwatin 'yan kunne, matashin kofi (ɗan faifan da ake ɗora kofi a kai), maƙalin mabuɗi da kayan adon bango. A shagunan kayan saƙa da kasuwannin intanet sunanta plastic canvas, da shi za ki neme ta. A Amurka ta fara bazuwa a shekarun 1970, ta yi tashe sosai a shekarun 1980. Yanzu masu yin jaka sun sake farfaɗo da ita. Da mata zan yi magana, don su suka fi aiko da waɗannan tambayoyi, amma namijin da ya iya ɗinkin hula zai ga aikin bai yi masa nisa ba.

Na je saye an ce akwai lamba 7, akwai lamba 10. Wacce zan ɗauka?

Lambar tana nufin yawan idanun da ke cikin inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Waɗanda aka fi samu huɗu ne: 5, 7, 10 da 14. Iya girman lambar, iya ƙanƙantar idon.

Mai koyo ta ɗauki lamba 7, babu ja a kan wannan. Idonta yana ganuwa ba tare da an ƙura ido ba, zarenta yana da sauƙin samu, kuma yawancin zanen da za ki gani a littattafai don ita aka yi su. Lamba 5 ta manyan abubuwa ce, kamar jaka da kwando. Lamba 10 tana fitar da fure da rubutu da kyau. Lamba 14 kuwa ta ƙananan abubuwa ce, 'yan kunne da alamar shafin littafi, tana kuma cin lokaci da ido.

Fallen da aka saba sayarwa inci 10 da rabi ne a faɗi, 13 da rabi a tsawo, kusan santimita 27 da 34. A lamba 7 wannan ya kama wajen ido 70 da ido 90. Akwai kuma bambancin tauri. Mai tauri sosai ta akwati ce da ƙasan jaka, mai laushi ta abin da za a lanƙwasa ce, kamar gidan tabarau ko awarwaro, matsakaiciya kuma tana shiga ko'ina. Ki lanƙwasa gefen fallen a shago kafin ki biya. Wadda ta yi fari a wurin lanƙwasar, ko ta yi ƙara kamar za ta tsage, ta tsufa ko ta sha rana. Ki bar musu abinsu.

Wane zare ya dace da ita?

Wanda ya cika ido ya rufe roba, ba tare da kin yi kokawa wajen jan allura ba. A lamba 7 ana amfani da ulu mai matsakaicin kauri, wanda ake buga lamba 4 a jikin takardarsa. A lamba 5 sai a ninka shi biyu. Lamba 10 tana son siririn ulu ko zaren auduga mai murɗi lamba 3, lamba 14 kuma zaren kwalliya mai sili 6, irin na kamfanin DMC ko Anchor.

Ulun da aka fi samu a kasuwanninmu, wanda ake saƙa hula da safar jarirai da shi, siriri ne. Sili ɗaya ba zai rufe lamba 7 ba. Ki haɗa biyu ko uku, ki gwada a guntuwar raga, ki ɗaga ta saitin haske. In kina hango roba tsakanin ɗinki, ƙara sili. In allura tana cijewa har raga tana lanƙwashewa, rage.

Ni dai akirilik nake zaɓa, wato ulun roba da ake yi a masana'anta. Yana wankuwa, bai cika zuba ba, asu ba ya cin sa, kuɗinsa kuma da sauƙi. Ulun gashin tumaki yana da kyau a ido amma yana tsukewa a ruwa. Zaren nailan ya fi ƙarfi da sheƙi, ya dace da abin da hannu zai riƙa taɓawa kullum. Kuma ki sayi launin da kike buƙata gaba ɗaya a rana ɗaya, domin jan da aka rina yau da wanda aka rina wata mai zuwa ba sa zama daidai, ko da kamfani ɗaya ne. A fallen gaban jaka bambancin yana fitowa ƙarara.

Allurar ɗinkin hannu za ta yi?

A'a. Mai tsini tana tsaga zaren da kika riga kika ɗinka, tana kuma sukar yatsa a banza. Ki nemi allura mai dakusasshen baki da faffaɗar kafa. Lamba 16 ta raga 7 ce, lamba 18 ko 20 ta raga 10, lamba 22 ko 24 ta raga 14. In ulu ya ƙi shiga kafar, yanki siririyar takarda, ninka ta a kan bakin zaren, ki tura takardar ta ja shi. Kada ki jiƙa shi da miyau, ƙara bajewa yake yi.

Bayan allura, almakashi biyu: babba na yankan raga, ƙarami mai tsini na gyaran baki. Kada ki taɓa raga da almakashin yadinki, roba tana dakusar da shi.

Ba a samun ragar a garinmu. Zan iya amfani da ragar taga ta sauro?

Don koyon yadda ɗinki yake tafiya, za ki iya. Don yin akwati ko jaka, ba za ta tsaya ba, idanunta kuma sun yi ƙanana da ulu. Gara ki yi sautu wurin masu sayar da kayan saƙa da duwatsun ado a manyan kasuwanni, ko ki yi oda ta intanet, ki roƙa a turo miki ita a shimfiɗe tsakanin kwalaye biyu.

Na bi zane daidai amma ɓangarorin sun ƙi haɗuwa. Me ya faru?

Kusan kullum ƙirga ce. A nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace, tun allura ba ta taɓa raga ba.

Raga tana da abu biyu da ake ƙirgawa: idanu, da sandunan robar da suka raba su. Wasu masu zane idanu suke ƙirgawa, wasu sanduna. Sanduna kullum sun fi idanu da ɗaya, falle mai ido 30 yana da sanda 31. In mai zane ya ce 31 yana nufin sanda, ke kuma kika yanka ido 31, fallenki ya fi nasa da ido guda. In kika yi haka a wani falle kika yi daidai a wani, akwatin zai karkace. Saboda haka kafin komai ki duba abin da zanen yake ƙirgawa, ki rubuta shi a saman takardar.

Akwai lissafi na biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗinki ɗaya na karkace yana hawa ne a kan mahaɗar sanduna, sandar bakin falle kuma ana barin ta don dajiya. Don haka falle mai ido 30 ɗinki 29 yake ɗauka a layi. In kin samo zane mai ɗinki 40 a faɗi, ido 41 za ki yanka.

In kuma ke ce kike auna abinki, lamba 7 tana da ido kusan biyu da kashi uku cikin huɗu a kowace santimita. A ce kwalin tishunki santimita 12 ne a faɗi: 12 sau 2.75 ya ba ki 33. Ƙara ido biyu saboda kaurin zaren da zai zauna a ciki, ya zama 35. Bayan kin yanka, ki ɗaure fallayen da guntayen zare ki zura kwalin a ciki tun kafin ki fara ɗinki. Minti biyar ne, amma zai hana ki asarar mako guda. Kwalayen tishu ba girmansu ɗaya ba daga kamfani zuwa kamfani, kada ki dogara da awon da ke cikin littafin wata ƙasa.

Da me zan yi alama kafin in yanka?

Da abin da zai goge tas. Makar farin allo ta makaranta tana yi, amma ki goge ta da jiƙaƙƙen tsumma ki bar ragar ta bushe kafin ki ɗinka. Biro da maka mai zama daram haramiyarki ne a nan: tawadar tana bin zare, farin ulu ya koma shuɗi-shuɗi, wani lokaci ma sai ranar wankin farko za ta fito. Hanyar da na fi yarda da ita ba ta buƙatar tawada ko kaɗan. Ki zura zare mai wani launi ki zagaye siffar da za ki yanka, ki ƙirga sau biyu, ki yanka, ki zare shi.

Wajen yankan, almakashi ya bi ta tsakiyar idanu, a wajen sandar da kike son ta zama baki. Zai bar 'yan haƙora a jikin sandar. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki share da ƙaramin almakashi ko abin yankan farce, don su ne suke tsefe zare suna leƙowa ta cikin dajiya. Kusurwa kuma ki ɗan rage mata tsini a karkace, kaɗan dai, kada ki ci cikin sandar. Manyan fallaye ake fara fitarwa, ƙanana su fito daga ragowar. Guntayen da suka rage ki tara su a gwangwani, za ki neme su wajen gyara da gwaji.

Ta yaya zan fara in ba a yin ƙulli?

Ƙulli yana zamewa ta ido, in bai zame ba kuma yana yin tudu. Ki bar wutsiyar zare kamar santimita 3 a baya, ki riƙe ta da yatsa a kan layin da za ki bi, ɗinki biyar ko shida na farko su hau kanta su danne ta. In zaren ya kusa ƙarewa, ki zura allura ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar na baya, ki ja, ki yanke dab da jiki. Wutsiyar baƙin zare a ƙarƙashin baƙi ake ɓoye ta. In kika cusa ta ƙarƙashin fari, za ta nuna ta gaba.

Tsawon zaren da za ki yanka kada ya wuce daga yatsa zuwa kafaɗa, santimita 60 zuwa 70. Kowane wucewa ta ido gogar zaren roba take yi, dogon zare kafin ya ƙare ya sirance ya yi gashi.

Wane ɗinki zan fara koya?

Ɗinkin karkace, wanda littattafai suke kira kwantinental. Allura ta fito ta wani ido, ta haura mahaɗar sanduna a karkace, ta shiga idon da ke sama ta hannun dama. Daga nan ki koma baya ki fito ta idon da ke hagu da inda kika fara. Haka za ki bi layin daga dama zuwa hagu. In kin kai ƙarshe, juya fallen sama ya koma ƙasa, ki ci gaba yadda kika saba. A bayan aikin za ki ga dogayen zare a karkace sun rufe robar, shi ya sa wannan ɗinkin yake da kauri da ƙarko.

Akwai ɗan'uwansa da ake bi daga hagu zuwa dama, wanda bayansa gajerun zare ne a tsaye. A gaba kamarsu ɗaya, kuma ya fi tsimin zare, sai dai bai rufe roba kamar na farko ba. Kada ki gauraya su a falle ɗaya, layukan za su bambanta a haske. Duk wanda kika ɗauka, ɗinkin gaba ɗaya ya karkata gefe guda. Bahaguwa ta bi ta inda hannunta ya fi sakewa, sharaɗin dai shi ne wannan.

Bayan hannunki ya faɗa, ga ɗinkin gicciye, ga dogon ɗinki da yake tsallake sanda uku ko huɗu, ga na murabba'i wanda ake jera karkatattun zare daga gajere zuwa dogo a dawo gajere. Wanda ya fi burge ni shi ne Bargello, dogayen ɗinki a tsaye da suke hawa suna sauka kamar harshen wuta. Sunan ya samo asali daga wasu tsofaffin kujeru da ke fadar Bargello a birnin Florence na Italiya. Yana cika falle da sauri, in kuma kika jera launi ɗaya daga mai duhu zuwa mai haske, sai a ɗauka aikin wata da watanni ne. Illarsa ɗaya: dogon zare yana maƙale wa zobe da mabuɗi. A jaka kada ɗinki ya tsallake fiye da sanda huɗu.

Zarena yana murɗewa yana ƙullewa da kansa.

Hannu ne yake juya allura ba ki sani ba. Bayan kowane ɗinki goma, saki allurar ta yi lilo, zaren zai warware.

Roba tana leƙowa a gefe da kusurwa. Yaya ake rufe ta?

A baki ake gane gwana. Mutum zai yafe ɗinki ɗaya da ya karkace a tsakiya, amma bakin da ya yi gatso-gatso shi ido yake fara kamawa.

Bakin da ba za a haɗa shi da komai ba, daje shi ake yi: allura ta fito ta idon ƙarshe, zare ya zagayo bayan sanda, ta sake fitowa ta ido na gaba. Ɗinki ɗaya a kowane ido. In zaren siriri ne, biyu. A kusurwa kuwa uku, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya a kan tsinin, ɗaya ta wancan gefe.

Wajen haɗa falle biyu, ki jera su baya da baya, ido a kan ido, ki bi su da wannan ɗinkin dai, allura tana ratsa biyun tare. Ki fara ɗaure farko, tsakiya da ƙarshe da guntun zare, don kada ki kai ƙarshe ki tarar ɗaya ya fi ɗaya da ido guda. Kada ki daje bakin da za ki haɗa daga baya, idon zai cushe. A akwati, bango huɗu ake fara haɗawa, sannan ƙasa ko sama, dajiyar buɗaɗɗen baki ta zo a ƙarshe. A nan ana son ki ɗan ja zare fiye da yadda kike yi a tsakiya, don haɗin ya tsaya ƙyam.

In za ki yi aiki da baƙin zare ko shuɗi mai duhu, nemi raga mai launinsa. Farar roba ƙarƙashin baƙin ulu ba ta ɓoyuwa duk ƙoƙarinki. In babu, ƙara sili ɗaya a zaren dajiya.

Na yanke sanda bisa kuskure, ga shi na yi nisa da ɗinki. In jefar?

Kada ki jefar. Yanko guntuwar raga da ta fi wurin da ido uku ta kowane gefe, ki ɗora ta a baya, ido a kan ido, ki ɗinke biyun tare. Ba mai ganewa ta gaba. Haka ake haɗa falle biyu in abin da kike yi ya fi falle ɗaya tsawo: ki ɗora bakin wannan a kan wancan da ido uku ko huɗu. Ban yarda da gam mai kama nan take a wannan gyaran ba. Bai cika kama irin wannan robar ba, yana kuma sandarar da zare.

In ɗinkin ne ya ɓaci, cire allura ki warware da bayanta ɗaya bayan ɗaya. Zaren da aka warware ya riga ya gaji, ki sa sabo.

Zare nawa zan saya?

Yanki mita ɗaya ki ɗinka a guntuwar raga har ya ƙare, ki ƙirga ɗinkin da ya ba ki. A ce ya ba ki 55. Fallenki kuma ɗinki 34 ne a faɗi, 40 a tsawo, jimla 1,360. Raba da 55, kusan mita 25 ke nan a falle ɗaya, bango huɗu mita 100. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda dajiya, wutsiyoyi da warwara. In sili biyu kike haɗawa, ninka lissafin.

Ina son yin jaka. Me zai hana hannunta tsinkewa?

Jaka ba a tsakiya take mutuwa ba, a inda hannu ya kama jiki take mutuwa, domin duk nauyin yana kan sanda biyu ko uku. Ki ninka raga biyu a wannan wurin, in da hali ma a layukan sama gaba ɗaya. Zoben ƙarfen da sarƙa ko maɗauri zai shiga kada ya rataya a sandar baki, ki yi masa harshe na raga ko na fata, ki ɗinke harshen a ƙasa da baki da ido biyar ko shida. Maɓallin maganaɗisu ma haka, a kan ninki biyu ake kafa shi. Ƙasan jaka ki yi shi da raga mai tauri, falle biyu.

Sai shafi. Jakar da ba shafi, biro da mabuɗi za su riƙa jan zaren ciki. Ki ɗinka shafin daban da yadi mai santsi, ki sa masa zif in kina so, sannan ki kama shi da allura da zaren ɗinki a jikin dajiyar baki. Yanzu ana shigo da raga da aka riga aka yanka a siffar jaka, mai manyan idanu, wadda ake bi da igiyar nailan ko ribon. Tana rage wahalar ƙirga, amma duk abin da na faɗa kan hannu da shafi yana nan. In za ki ƙona bakin igiyar nailan don kada ta warware, ki yi haka tun ba ki zura ta ba. Ashana ko laita kada su kusanci ragar.

Ina zan samo zane?

Duk zanen da aka yi a kan gidaje masu murabba'i zai hau raga. Littafin lissafin yara mai gida-gida ya ishe ki: gida ɗaya ɗinki ɗaya, ki cika da fensir mai launi. Ba sai kin tsaya ga furannin Turawa da 'yan tsanar Kirsimeti da suka cika littattafan Amurka ba. Ɗauko hular maigida ki duba zanenta, yawancinsa layi ne da kusurwa, kuma suna zama daram a raga. Dagi ma yana fita da kyau in kin ba shi fili, lamba 10 ta fi fitar da lanƙwasarsa. Rubutun Kufi mai murabba'i, wanda ake gani a jikin tsofaffin masallatan Iran da Samarkand, shi ma a kan gidaje aka gina shi. Sai dai in aya ce ko sunan Allah, a bango ya kamata ya tsaya, kada a sa shi a matashin kofi ko abin da za a ajiye a ƙasa.

Ragar ta zo a naɗe ta ƙi miƙewa.

Jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, irin wanda hannu yake jurewa, na 'yan mintuna. Goge ta, ki shimfiɗa a kan tebur, ki danne da littattafai har ta huce. Sauran fallayen ki ajiye su a shimfiɗe, ƙarƙashin katifa wuri ne mai kyau.

Ana wanke abin da aka gama?

Ana wankewa, kuma mutane sun fi tsoron ruwa fiye da yadda ya kamata. Roba da akirilik ba ruwansu da ruwa. Abin da ke ɓata aiki shi ne zafi, murza da matsa.

Kafin komai, gwada launi. Jiƙa farin tsumma ki danna a kan ja ko shuɗin da ke jikin aikin. In ya fito da launi, kada ki tsoma, goge-goge kawai za ki yi. In bai fito ba, zuba ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi a roba, ki narkar da sabulun ruwa kaɗan, ki tsoma aikin ya yi minti goma zuwa sha biyar. Ki riƙa kaɗa shi a hankali kina danna wurin datti da tafin hannu. Ban da buroshi mai tauri, ban da cuɗawa, ban da bilic. In garin omo za ki sa, ya narke sarai tukuna, in ba haka ba zai maƙale tsakanin ɗinki ya bushe ya yi fari. Ɗauraye har ruwa ya fita garau. Sannan ki ɗora a kan tawul, ki rufa da wani, ki danna ya tsotse ruwan. Gyara masa siffa da hannu, in akwati ne ki cusa masa busasshen tawul ya riƙe kusurwoyinsa, ki ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Kada ki rataye shi da maƙali, nauyin ruwa zai ja shi.

Maiƙo, ko na manja ne ko na man shafawa, ɗigon sabulun wanke-wanke a kan wurin tun yana sabo, a bar shi ya ɗan jima, a ɗauraye. Shayi da kofi, ruwan sanyi nan take.

Abin da aka manna wa kwali, ko aka yi masa ado da gam, ko yake da ƙarfen da zai yi tsatsa, ba a tsoma shi. Shi ya sa nake ba da shawara tun wajen yi: duk abin da kika san zai sha hannu, ki ɗinka adonsa da zare, ki bar gam. In akwati yana buƙatar kwali don ya tsaya, ki sa shi yadda za a zare ranar wanki.

Ƙurar hunturu fa? Ba zan iya wanki kowane mako ba.

Ba a so ma ki yi. Buroshin fenti mai laushi, sabo, ki riƙa bin aikin da shi ta inda ɗinki ya kwanta. Salatif da aka naɗa a yatsu, gefen gam a waje, yana ɗauke gashi da zare-zare. In ulu ya yi 'yan dunƙulen gashi, ki yanke su da ƙaramin almakashi, kada ki fizge. Wanki ɗaya bayan hunturu ya wuce ya wadatar wa kayan ado.

Zan iya ɗora tukunya ko kaskon turare a kai?

A'a, ko sau ɗaya. Wannan robar tana fara laushi tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba, gindin tukunyar da aka sauke daga wuta kuwa ya wuce haka nesa. Akirilik ma narkewa yake yi ya manne. Kofin shayi ba komai, kular abinci ba komai. Tukunya, kaskon turaren wuta, kyandir da fitilar kwai, duk a nesanta su. Dutsen guga ma haka, ko da an rufa tsumma.

Rana ita ma tana ci, a hankali. Tana kashe launin zare, tana busar da roba har ta riƙa karyewa da an taɓa. Abin da aka rataye a taga ko a madubin mota shi ya fi saurin lalacewa, balle a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, cikin rufaffiyar mota kuma ya fi haka. Robar da rana ta riga ta busar ba ta da gyara.

Yaya zan ajiye kayan da na yi wa 'yata na ɗaki kafin biki?

Su bushe ƙayau tukuna. Ki cusa wa akwati da jaka farar takarda ko tsohon farin yadi, ban da jarida, tawadarta tana fita. Ki naɗe kowanne a tsohon zanen gado na auduga, ki jera a kwali, masu nauyi a ƙasa, kada a ɗora komai a kai. Da damina kada ki ƙulle su a leda, laima tana taruwa a ciki su yi fumfuna da wari. Ki riƙa buɗewa suna shan iska lokaci-lokaci.

Yara za su iya?

Sosai, daga shekara shida ko bakwai. Ki ba su raga lamba 5 ko 7 da allurar roba, ki yanka musu da kanki, su fara da matashin kofi mai launi biyu. Yana koya musu ƙirga da natsuwa. Guntayen robar da ake sharewa daga baki kuwa ki tattare su nan take in akwai mai rarrafe a gidan, kuma kada a ba jariri abin wasan da aka yi da ita.

Ina son in fara sayarwa. Yaya zan sa kuɗi?

Rubuta kuɗin raga, zare, shafi, zif da ƙarafa, har da na motar zuwa kasuwa. Sannan ki duba agogo ki san awa nawa abu ɗaya yake cin ki, ki yanke wa awarki farashi. Yawancin masu farawa kayan aiki kawai suke lissafawa, su ba da wahalarsu kyauta, bayan wata uku su gaji su bari. Ƙananan abubuwa irin maƙalin mabuɗi da matashin kofi sun fi saurin fita, ana kuma yin odarsu da yawa don rabon biki da suna. Jaka da gidan tishu mai suna sai da oda, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki yanka raga, ki kuma sa mai odar ta rubuto miki sunan da hannunta. Kowane abu da kika sayar ki haɗa shi da 'yar takarda mai layi uku: a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada a goge.